Zauren Tambaya: Ina Ɗalibin Bayan Labule Zai Kai Aikinsa a Gani?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan yawancinsu daga sassan koyar da wasan kwaikwayo suka fito, kuma daga waɗanda ke bayan labule: masu tsara dandamali, masu haɗa sutura da masu fitilu. Na ji daɗin haka ƙwarai, domin sana'ata ke nan tun ina saurayi, kuma ba kasafai ake tambaya a kanta ba. Na taƙaita wasu wasiƙun saboda ƙarancin fili, masu su su yi mini afuwa.

TAMBAYA: Malam, ina ajin ƙarshe, kuma ni na tsara dandamalin wasanni biyu na ajinmu. Kowa ya yaba, amma da aka tashi raba kyaututtuka, gwarzon ɗan wasa da gwarzon darakta kawai aka kira. Akwai inda ake gasar irin aikinmu a duniya? Ɗalibi daga nan zai iya shiga? Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: Akwai, 'yata, wasunsu ma sun girme ki nesa ba kusa ba. Babbarsu ita ce Prague Quadrennial, wadda 'yan sana'a ke taƙaitawa su ce PQ. A birnin Purag na Jamhuriyar Cek ake yin ta duk bayan shekara huɗu tun 1967. An yi ta 15 a watan Yunin 2023, ta gaba kuma za ta faɗo a 2027. Tana da ɓangaren ƙwararru, tana da na ɗalibai daban, babbar lambarta kuwa ita ce Golden Triga. Ki duba waɗanda suka ɗauke ta a baya-bayan nan: Estoniya a 2015, Masedoniya ta Arewa a 2019, Saifurus a 2023. Cikin ƙasashen nan uku babu wadda ta kai birnin Kano yawan jama'a, kuma a zaure ɗaya suka baje da Amurka da Jamus masu kuɗi da kayan aiki. Tunanin da suka zo da shi ne ya tsaya wa alƙalai a rai.

Sai dai manyan rumfunan PQ na ƙasashe ne. Ana naɗa mai kula da rumfar ƙasa, shi zai tattaro ayyukan makarantu ya zaɓa. Wato sai malamanku da ƙungiyoyinsu irin su SONTA, ƙungiyar masana wasan kwaikwayo ta Nijeriya, sun tashi tsaye sun nemi gurbi da kuɗi tun da sauran lokaci. Abin da ɗalibi kan iya nema da kansa a can shi ne shiga bitocin da ake shiryawa a gefen baje kolin.

Wadda ta fi dacewa da ke ita ce World Stage Design, ta ƙungiyar masu tsara dandamali ta duniya, OISTAT. An fara ta a Toronto a 2005, ta je Koriya ta Kudu a 2009, Kadif ta Birtaniya a 2013, Taipei ta Taiwan a 2017, Kalgari ta Kanada a 2022, sannan Sharja ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2025. A wannan, mai aikin ne da kansa ke aikawa ta intanet, alƙalai su tace, kuma akwai rukunin masu tasowa. Za ki kuma ji labarin kyautar Linbury ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1987, ana yin ta duk shekara biyu, a baje ayyukan waɗanda aka zaɓa a National Theatre da ke Landan. Es Devlin, wadda ta tsara dandamalin bikin rufe gasar Olamfik ta Landan a 2012, daga nan ta fito a 1995. Amma Linbury ta waɗanda suka yi karatu a can ce, haka ma yawancin gasar kwalejojin Amurka ta ɗalibansu ce. Ki san da su, kada ki ɓata dararenki wajen cike takardunsu. A gida kuma, duk lokacin da sashenku zai je bikin wasan kwaikwayo na jami'o'in Nijeriya, NUTAF, ki nemi a ba ki teburi ɗaya a bakin zaure ki baje aikinki.

To, ni ma ga tawa tambayar: dandamalan nan biyu da aka yaba, ina suke yanzu? Na koyar shekaru masu yawa, na san yadda ake yi. Washegarin wasa kafinta zai zare ƙusoshi, katako ya koma sito don wasan aji na gaba, zanen yana bayan wata takardar lacca da aka yar, hoton da ya rage kuma na 'yan wasa ne sun jeru suna murmushi bayan an kunna fitilun zaure. Wannan abu yana ci mini rai har yau. Alƙalin da ke Purag ko Sharja ba zai taɓa zama a zaurenku ya kalli wasan ba. Abin da kika adana shi kaɗai zai gani, kuma da shi zai auna ki.

Na farkon abin adanawa shi ne samfurin kwali, wato ɗan ƙaramin dandamalin da ake ginawa da kwali. A Birtaniya da ƙasashe da dama da ma'aunin 1:25 ake yin sa, wato santimita ɗaya a kwali tana madadin 25 a dandamali. Dandamali mai faɗin mita 10 zai zama santimita 40, ƙofa mai tsayin mita 2 ta zama santimita 8, mutum mai tsawon mita 1.75 kuma santimita 7. Wannan ɗan mutumin shi za ki fara yankewa kafin ki kafa bango ko ɗaya. Wani ɗalibina ya taɓa gina zauren hakimi da kwali, da zankwayensa, da dagi a goshin ƙofa, ya kwaɓa garin katako da gam ya yi masa yaɓe har ya fito tamkar makuba. Na ɗauki ɗan mutumin kwalin, na liƙa masa ƙyalle a ka a matsayin rawani mai kunne biyu, na tura shi ƙofar. Bai shige ba. Rawanin ya ƙara masa santimita ɗaya, wato 25 a zahiri. Yaron ya yi shiru yana kallon ƙofar, can sai ya ce zai bar ta a haka. Wasan a kan hakimin da girman kai ya kayar ne, yaron yana so duk shigowar da hakimin zai yi sai ya sunkuya a gaban 'yan kallo, kamar yadda ƙofofin tsofaffin zaure ke sa mutum. Darakta ya amince. Ya rubuta dalilin a layi uku ya liƙa a gindin samfurin, kuma duk baƙon da ya zo duba ayyukan shekarar a wurin ya fi daɗewa. Irin wannan shawarar alƙalai ke farauta: me ka karanta a wasan, me ka yanke, don me.

Saboda haka ki adana hanyar da kika bi gaba ɗaya. Samfurin farin kwali na farko, taswirar ƙasa mai nuna inda kowane bango da ƙofa suke, hotunan gidajen da kika je kika leƙa, har zanen da darakta ya ƙi. Na ƙin ma ya fi nuna yadda kanki ke aiki. Tunda kuma daga Zariya kika rubuto, abin koyi yana kusa da ke. Gidan wasan Jami'ar Ahmadu Bello da aka gina da ƙasa, wanda Ba'amurke Steven Ehrlich ya zana a tsakiyar shekarun 1970 bisa tsarin gidan Bahaushe, da tarihin bakunan gizon rufin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a tsohon Masallacin Juma'a na birni a ƙarni na 19, sun ishe ki makaranta. Ɗalibar Landan sai ta sayi tikitin jirgi kafin ta zo wurin. Idan samfuran wasanninki sun lalace, ki sake gina su a hutun nan tun ma'aunin yana kanki.

TAMBAYA: Malam, ni fitilu nake yi. Mai dandamali yana da samfurinsa, mai sutura tana da rigunanta, ni kuwa da an kashe wuta aikina ya tafi. Ga shi fitilunmu takwas ne, biyu sun ƙone, wutar ma ba tabbas. Me zan baje? Daga wani ɗalibi, Jos.

AMSA: Ɗana, kana da abin bajewa, sai dai naka tun kafin ranar wasa ake tanadinsa. Akwai taswirar fitilu, mai nuna inda aka rataye kowace, lambarta, launinta da inda ta dosa. Akwai takardar canjin haske, wadda ke cewa a kan wace kalma ta ɗan wasa haske zai sauya, kuma cikin daƙiƙa nawa. Sai hotuna, kuma a nan yawancinku ke yin asara. A ɗauke su ranar gwajin ƙarshe, an sa sutura, babu 'yan kallo. Mai ɗauka ya zauna a tsakiyar kujeru, ya kafa wayar a kan wani abu don kada ta motsa, ya kashe filashi, domin filashi ɗaya yana goge aikin mako uku. Ya kuma kulle hasken kyamarar, in ba haka ba wayar za ta mai da fitowar dare ta koma hantsi. Daga wuri ɗaya za a ɗauki kowace fitowa, dandamali duka ya fito. Idan ka jera hotuna huɗu na bango guda, asuba, azahar, magariba, dare, mai kallo zai gane cewa kai ka canza su. Ka ƙara da ɗan bidiyo na minti ɗaya mai nuna canji guda da kake alfahari da shi. Ranar baje koli kuma ka ari samfurin mai dandamali, ka sa shi cikin babban kwalin da ka shafe cikinsa da baƙin fenti, ka ajiye ƙananan tocila da guntayen leda masu launi, ka bar mutane su haska da hannunsu.

Fitilu shida ba abin kunya ba ne. Stanley McCandless, wanda ya koyar a Jami'ar Yale, ya bayyana tsarinsa tun 1932: kowane yanki na dandamali a ba shi fitila biyu, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu, kowace a karkace da digiri 45 daga gefe da kuma daga sama, ɗaya mai ɗumi ɗaya mai sanyi. Da shida za ka iya yin yanki uku. Ni dai na fi son ka yi yanki biyu, ka mai da sauran biyun baya su hasko kafaɗa da keya, saboda ɗan wasa baƙi a gaban baƙin labule yakan nitse idan babu abin da ya raba su.

A nan ma kana da abin da za ka koya wa alƙalan waje. Yawancin littattafan haske da farar fata a zuciya aka rubuta su. Shuɗi mai sanyi da kore sukan mai da fuskar baƙin mutum toka-toka, ruwan zuma da ruwan hoda da shunayya mara duhu kuwa su fito da ita. Ka tsayar da wanda ya fi kowa duhu da wanda ya fi kowa haske a cikin 'yan wasanku kafaɗa da kafaɗa, ka gwada launukan ɗaya bayan ɗaya, ka ɗauki hoton kowane gwaji, ka sa a kundin ajiyar aikinka. Haka batun ɗauke wuta: ka tsara haske na biyu da fitilun caji, ka san wa zai riƙe wace, a ina zai tsaya, a gwada shi kamar yadda ake gwada na farkon. Wannan ma shafi ne a kundi. Kyandir da aci-bal-bal dai kada su kusanci labule ko zana, kuma duk wayar wutar da ta sale a naɗe ta kafin kowa ya hau tsani.

Idan kana da kwamfuta, akwai manhajar QLC+ ta kyauta da za ka koyi sarrafa fitilun zamani da ita ta tsarin DMX512, wanda ƙungiyar USITT ta Amurka ta fitar a 1986 kuma har yau shi ake amfani da shi. Farfesa Duro Oni na Jami'ar Legas ta fannin haske ya yi suna, ka nemi rubuce-rubucensa a laburarenku.

TAMBAYA: Malam, 'yata tana jami'a, ta ce ta zaɓi fannin suturar wasa, har an ba ta takardar yabo a sashensu. Ni dai ban ga bambancinsa da ɗinki ba, ɗinki kuwa ko a unguwa za ta koya. Takardar nan tana da wani amfani? Daga wani uba, Katsina.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ya kuma yi wa yarinya albarka. Ɗinki sana'a ce mai daraja, kuma 'yarka ba za ta yi nisa ba idan ba ta iya shi ba. Amma tela abin da mai kaya ya ce shi yake ɗinkawa. Ita kuwa rubutun wasa za a miƙa mata, ita za ta yanke abin da kowa zai sa, yadda tun kafin ɗan wasa ya buɗe baki 'yan kallo sun san attajiri ne ko bara, amarya ce ko mai takaba, na bana ne ko na zamanin kakanni. A ce wasan a Kano yake a shekarun 1920. Ba za ta sa wa attajirin shaddar yayi ta Kantin Kwari ba. Sai ta binciko saƙi da tsamiya da kore, ta san aska biyu daga aska takwas, ta shiga Gidan Makama ta duba, ta je marinar Ƙofar Mata ta ga yadda baba ke kama zane, ta zauna da tsofaffi ta yi tambaya. Rigar talaka kuma sabuwa za a ɗinko ta, ita za ta tsufar da ita: ta jiƙa a ruwan shayi, ta goge wuya da bakin aljihu da dutse, ta sa faci a inda riga ke fara mutuwa. Ko farar riga sai ta ɗan rage mata fari, don fari tas yana ƙwace ido a ƙarƙashin fitila ya bar fuska a duhu. Idan kuma ɗan wasa zai fita a matsayin dogari ya dawo a matsayin malami cikin ƙasa da minti ɗaya, ita za ta san dabarar maɓallin da zai ba da damar haka.

Takardar yabo ita kaɗai ba ta ba da aiki, wannan gaskiya ne. Amfaninta shi ne takan sa a buɗe kundin mai ita, kundin ne ke kawo aiki: zanen kowane ɗan wasa, da ɗan ƙyallen yadin an liƙa a gefe, da hoton rigar a jikinsa. Masu shirya fim a Kano da Legas suna buƙatar irin wannan hannu, kuma manyan kyaututtukan fim na Afirka, AMAA da AMVCA, kowace ta ware lambar sutura. Demas Nwoko, wanda ya yi karatun zane a Zariya daga 1957 zuwa 1961, ya tafi Faris ya koyi tsara dandamali, ya dawo ya koyar a Ibadan, shi ne aka ba lambar Zakin Zinare ta aikin rayuwa a baje kolin gine-gine na birnin Benis da ke Italiya a 2023. Roƙona gare ka, Alhaji, ka saya mata akwatin ƙarfe mai makulli don kada gara da damina su cinye mata zane, kuma ranar da za su baje koli ka je da mahaifiyarta ku gani da idonku.

TAMBAYA: Malam, ni ƙaramin malami ne a wata kwalejin ilimi. Ina son shirya wa ɗalibaina baje koli da 'yar gasa, amma sashenmu ba shi da ko sisi. Ta ina zan fara? Daga wani malami, Kano.

AMSA: Ƙanena, madalla da wannan niyya. Aji ɗaya da aka gama jarrabawa a cikinsa ya isa. Ka ɗaga teburan da bulo ko ka ajiye kujera a gaban kowane samfuri, domin samfuri daga inda idon ɗan kallo yake ake duba shi, wanda ya leƙa ta sama rufin kwali kawai zai gani. Riguna a rataye su a sandar da aka gicciya, zanensu a gefe. Kowane aiki ya zo da takarda mai sunan ɗalibi, sunan wasa, sunan darakta, da bayanin da bai wuce kalma 100 ba. Ka karɓi ayyukan da ba a kai ga hawa dandamali da su ba, amma ka ware musu rukuninsu, don wanda ya sha fama da kafinta da ƙarancin kuɗi bai kamata a auna shi da wanda ya tsaya a takarda ba.

Inda nake so ka tsananta shi ne alƙalanci. Duk malamin da ya duba aikin ɗalibi a aji kada ya zauna a teburin alƙalai, har kai kanka. Ka gayyato mutum ɗaya daga sashen zane ko na gine-gine, ɗaya daga masu aikin fim, da dattijo ɗaya mai ɗinkin hannu ko magini daga cikin gari. Na sha ganin irin waɗannan dattawa sun hango abin da mu masu digiri muka tsallake, kamar azarar da aka ɗora ta inda ba za ta ɗauki nauyi ba. Kowane ɗalibi a ba shi minti biyar ya yi bayani a gaban aikinsa, da Hausa ko da Turanci, wanda bakinsa ya fi sakewa da shi, sannan a yi masa tambayoyi. Wannan tsayuwar ta fi kyautar amfani a gare shi. Kyauta uku daban, dandamali, sutura, haske, kuma maimakon allon bango a ba da kayan aiki, ko a roƙi wani mai shirya fim ya ɗauki wanda ya ci ya bi shi aiki na wata guda. Kafin a kwashe, a ɗauki hoton komai a ajiye a ofishin sashe da shekararsa. Baɗi ka aika wa takwarorinka na Zariya da Jos takarda su zo da nasu. Ranar da za a nemi ayyukan da za su wakilci Nijeriya a waje, wurin masu irin wannan ajiya za a fara zuwa.

TAMBAYA: Malam, mu uku muka yi suturar wasanmu, amma ɗaya ta sa hotunan a Instagram da sunanta kaɗai, yanzu kuma tana shirin kai su gasa. Me za mu yi? Daga wasu ɗalibai biyu, Kaduna.

AMSA: 'Ya'yana, ba ta kyauta ba, amma ku fara samunta ku uku a ɗaki kafin magana ta fita. Wataƙila ba ta san ƙa'ida ba: a wannan sana'a ana rubuta wanda ya tsara, wanda ya taimaka, wanda ya ɗinka, har da wanda ya ɗauki hoto, kuma gasa ta ƙwarai tana iya fitar da aikin da aka ɓoye masu hannu a cikinsa. Ana shiga gasa da sunan mutum uku, babu abin da zai ragu a nata. Idan ta ƙi, ku ɗauki zanenku na farko ku je wurin malamin da ya raba muku aikin, shi ya san wanda ya yi me. Nan gaba ku riƙa sa hannu da kwanan wata a kusurwar kowane zane, kuma tun kafin a kai takardar shirin wasa wurin bugawa ku karɓa ku duba cewa sunan kowa da aikinsa sun fito daidai.